Minti huɗu da ke raba ƙauye da motarsa: yadda Suwizalan ke sauya jadawalin jiragen ƙasa

A kowace shekara, da tsakar daren Asabar ta biyu ta watan Disamba, jadawalin zirga-zirgar jiragen ƙasa na mafi yawan ƙasashen Turai yakan sauya a lokaci guda. Tarayyar Turai ce ta sa wannan rana a cikin dokarta, kuma ƙasar Suwizalan, duk da cewa ba ta cikin Tarayyar, ita ma ranar take bi, domin jiragen Jamus da Faransa da Italiya da Austriya suna shiga tashoshinta kullum. Abin da fasinja yake gani da safiyar Lahadi bai wuce sabuwar takarda mai ruwan ɗorawa da aka manna a tasha ba, ko kuma ya ga lokacin jirginsa ya ɗan gusa a manhajar waya. Sai dai kafin a manna wannan takarda an shafe fiye da shekara ana kai-komo tsakanin kamfanonin jiragen ƙasa da gwamnatocin jihohi da kamfanonin motocin bas da hukumomin makarantu, kuma sau da yawa abin da ake ja-in-ja a kansa bai wuce minti uku ko huɗu ba.

Dalilin da ya sa mintuna kaɗan suke da irin wannan nauyi yana cikin yadda aka gina jadawalin ƙasar tun asali. A ranar 23 ga Mayu, 1982, kamfanin jiragen ƙasa na tarayya, wato SBB, ya soma aiki da tsarin da ke maimaita kansa kowace awa: idan jirgi ya tashi daga wata tasha da ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu, to akwai wani da ƙarfe takwas da minti goma sha biyu, da wani da tara da minti goma sha biyu, haka har dare. Wasu matasan ma'aikatan kamfanin ne, cikinsu har da injiniya Samuel Stähli, suka tsara shi a farkon shekarun 1970 a zaman da suke yi bayan an tashi aiki, har aka san su da laƙabin da ke nufin ƙungiyar taɓaɓɓu. Ƙasar Holan ta riga su yin irin wannan jadawali, amma Suwizalan ce ta kai shi matakin da ya haɗa jirgin ƙasa da motar bas da jirgin ruwa na tafkuna a cikin lissafi guda, ta yadda mutum zai haddace minti ɗaya kawai ya daina ɗaukar littafin jadawali.

Maimaita lokaci shi kaɗai bai isa ba, domin mafi yawan tafiye-tafiye suna buƙatar a sauka daga wani jirgi a hau wani. Saboda haka aka ware wasu manyan tashoshi a matsayin mahaɗa, musamman Zurich da Bern da Basel, aka shirya cewa jiragen kowane ɓangare su iso 'yan mintuna kafin cikar awa ko rabin awa, su tsaya tare, fasinjoji su yi musayar jirage, sa'an nan duka su watse 'yan mintuna bayan cikarta. Wanda ya tsaya a babbar tashar Zurich zai ga ta cika maƙil da jirage gab da cikar awa, bayan minti goma kuma ta yi fayau. Wannan tsari yana da sharaɗi mai tsauri, shi ne tafiya tsakanin mahaɗa biyu ta kasance ƙasa da awa ɗaya kaɗan, ko ƙasa da rabin awa kaɗan. A da, tafiya daga Zurich zuwa Bern tana cin minti 69, abin da ya sa jirgin da ya bar wannan mahaɗa a kan lokaci yake isa waccan bayan kowa ya watse. Don a gyara haka aka kawo shirin Bahn 2000, wanda jama'ar ƙasar suka amince da shi a ƙuri'ar raba gardama a Disamban 1987, aka gina sabon layi mai tsawon kilomita kusan 45 tsakanin Mattstetten da Rothrist, kuma daga 12 ga Disamba, 2004, tafiyar ta koma minti 58. Taken shirin shi ne jirgi ya yi gudun da ake buƙata, ba iyakar gudun da zai iya ba, domin da an kashe ƙarin kuɗi an mai da tafiyar minti 45, da fasinjan da zai canza jirgi ya ƙare da zaman jira a Bern bai ci ribar komai ba. Ke nan jadawali aka fara zanawa a takarda, daga baya aka zuba kankare da ƙarfe a wuraren da jadawalin ya nuna akwai buƙata, saɓanin yadda aka saba a yawancin ƙasashe, inda ake gina layi tukuna sa'an nan a zauna a ga irin jadawalin da zai ɗauka.

Alherin wannan tsari shi ne kuma wahalarsa, domin abin da aka ɗaure wuri guda ba a taɓa gefe ɗaya ba tare da sauran sun motsa ba. Wanda ya taɓa sauka daga jirgin Abuja a tashar Rigasa ta Kaduna, ko ya sauka a Idu, ya san tafiya ba ta ƙarewa a bakin tasha, akwai sauran zango tsakanin tasha da ƙofar gida. Bambancin shi ne a can masu tasi da masu adaidaita sahu su ne suke bin lokacin jirgi da kansu, in ya makara su jira, in an sauya masa lokaci su sauya nasu ba tare da an yi taro ba. A ƙauyen da ke cikin tsaunukan Suwizalan kuwa, mota ɗaya ce mai ruwan ɗorawa ta kamfanin PostAuto take zuwa sau ɗaya a awa, wani wurin ma sau ɗaya a awa biyu, kuma tana da nata jadawalin da aka buga. Idan jirgi ya iso minti biyu bayan tashinta, fasinja bai yi asarar minti biyu ba, ya yi asarar minti 58.

Akwai wani lissafi a nan da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne yake bayyana abin da ya sa ƙananan hukumomi suke tayar da jijiyar wuya a kan abin da mutumin birni zai ga bai taka kara ya karya ba. A irin wannan jadawali, jirgin zuwa da na dawowa kamar mutum ne da hotonsa a madubi, kuma madubin yana kan cikar awa: idan jirgin da ya fito daga birni yana isa wata ƙaramar tasha da minti 10 bayan awa, to wanda zai koma birni yana barin tashar da minti 50, wato saura minti 10 awa ta cika. Mu ɗauka, a matsayin misali, cewa motar ƙauye tana ba fasinja minti huɗu ya sauko daga jirgi ya hau ta, da wasu huɗun idan ta dawo da shi. Za ta tashi da minti 14, ta dawo da minti 46, ke nan tana da minti 32 na zuwa ƙauyen ƙarshe da dawowa. Yanzu a ce an ƙara wa jirgin minti huɗu a hanya, saboda gyaran layi ko saboda an ƙara masa wata tasha. Daga birni zai riƙa isowa da minti 14, kuma domin ya cim ma mahaɗa a kan lokaci dole na komawa ya riƙa tashi da minti 46. Motar za ta tashi da minti 18, ta dawo da minti 42, lokacinta ya koma minti 24. Minti huɗu da aka ƙara wa jirgi ya zama minti takwas da aka ƙwace wa mota. Daga nan zaɓi uku ne ya rage, kuma babu mai daɗi a ciki: ko a daina kai wa ƙauyen ƙarshe, ko a sayi mota ta biyu a ɗauki ƙarin direba, ko a haƙura da haɗuwa da jirgi ta ɓangare ɗaya, mai tafiya da safe ya samu, mai dawowa da yamma ya zauna jira.

Haka lamarin yake a layukan karkara masu hanya ɗaya, inda jirage biyu ba sa iya wuce juna sai a tashar da aka yi wa layi biyu. Jiragen da ke tafiya kowace awa suna haɗuwa da juna duk bayan minti talatin, a wuri guda kullum, kuma idan aka gusar da lokacinsu da 'yan mintuna sai wurin haɗuwar ya faɗa tsakiyar gona inda babu layi na biyu. Shi ya sa amsar da mai tsara jadawali yake bai wa mai neman a ɗan jinkirta jirgin safe da minti biyar, don yara su samu, take yawan zama a'a, ba don taurin kai ba, sai don minti biyar ɗin yana iya nufin aikin gini na shekaru.

To wa yake yanke hukunci? A Suwizalan manyan jiragen da ke haɗa birane suna ɗaukar nauyin kansu daga kuɗin tikiti, amma jirage da motocin yankuna ba sa iya yin haka, kuɗin tikiti yakan biya kusan rabin abin da ake kashewa ne kawai. Ragowar gwamnatin tarayya ce da gwamnatocin jihohi 26, waɗanda suke kira kanton, suke biya, kuma tun da su ne masu biya, su ne suke yin odar yawan zirga-zirgar da suke so daga kamfanoni. Doka ta shata iyaka: garin da ke da mazauna aƙalla 100 duk shekara yana cikin waɗanda za a tallafa wa layinsu, idan layi yana ɗaukar aƙalla mutum 32 a rana a ɓangarensa mafi ƙarancin fasinja, za a tabbatar masa da zuwa da dawowa sau huɗu, idan kuwa ya haura mutum 500 a ɓangarensa mafi cika, sai a ba shi na kowace awa, zuwa da dawowa sau 18. Amfanin waɗannan alƙaluma shi ne sun fitar da batun daga hannun alfarma, shugaban ƙaramar hukuma yana iya zuwa da ƙidayar fasinjojinsa ya nemi haƙƙinsa. Su ma guraben tafiya a kan layi, wato wane jirgi ne zai bi wane layi a wane minti, wata hukuma ce ta daban take raba su, ba kamfanin da ya fi girma ba, kuma ana keɓe wa jiragen dakon kaya nasu kason tun da wuri don kada jiragen fasinja su cinye layin gaba ɗaya.

Aikin shekara yana da nasa tsari. Kamfanoni sukan miƙa buƙatunsu na gurabe zuwa Litinin ta biyu ta watan Afrilu, kamar yadda ake yi a faɗin Turai. Wajen ƙarshen watan Mayu sai a wallafa daftarin jadawalin a intanet na tsawon wasu makonni, kowa yana iya duba layinsa ya rubuta ƙorafi, kuma ƙorafin yana zuwa ga gwamnatin jiharsa, ita ce za ta tattauna da kamfanonin. A nan ne malamin makaranta yake nuna cewa motar da ke kawo ɗalibai za ta riƙa isowa bayan an shiga aji, ma'aikaciyar asibiti ta nuna cewa jirgin farko ba zai kai ta aikin asuba ba, mai aikin masana'anta ya nuna cewa motar ƙarshe tana tashi kafin a sallame su. A ganina, wannan mataki ana yawan zuzuta shi fiye da ƙarfinsa. Lokacin da daftarin ya iso gaban jama'a an riga an kafe manyan jirage, an jera na yankuna a bayansu, motocin bas kuma su ne na ƙarshe a layi, don haka abin da ƙorafi yake iya canzawa yawanci bai wuce minti ɗaya ko biyu na wata mota ba, ko ƙara zuwa ɗaya da sassafe. Babban hukunci an yanke shi shekaru kafin nan, a zaman da jihohi suke yi da hukumar sufuri ta tarayya. Duk da haka matakin bai zama na banza ba, domin ƙorafin da aka kasa biya a bana yakan zama hujjar jiha a zaman tsara na baɗi, kuma a wasu wuraren makarantar ce take gusar da lokacin shiga aji don ya dace da mota, tun da hakan ya fi sayen sabuwar mota arha.

Misali mafi kusa na yadda ake raba riba da asara shi ne sauyin da aka yi a yammacin ƙasar, yankin masu magana da Faransanci, a ranar 15 ga Disamba, 2024, wanda shi ne mafi girma a yankin tun na 2004. Hujjar SBB ita ce fasinjoji sun ƙaru, hawa da sauka yana cin lokaci fiye da da, ga kuma ayyukan gyara da faɗaɗa layi da za su ɗauki shekaru, har jiragen yankin suka fi na sauran ƙasar yawan makara. Maganin da aka kawo shi ne a ƙara wa tafiye-tafiye 'yan mintuna a takarda, don jadawali ya faɗi gaskiyar abin da jirgi zai iya. An tsara shi tare da jihohi bakwai na yammacin ƙasar, amma da aka bayyana shi a watan Mayun 2023 sai garuruwan da ke gindin tsaunukan Jura, irin su Neuchâtel da Yverdon, suka yi ca, saboda jirgin da ke kai su Geneva da filin jirgin samanta kai tsaye kowace awa an cire shi, an ce su riƙa canza jirgi a Renens, kusa da Lausanne, in ban da 'yan kaɗan da aka bari safe da yamma. A lissafin mai tsarawa canjin jirgi mintuna kaɗan ne. Ga tsohuwa mai sanda, ko mai jan akwati biyu zuwa filin jirgin sama, abin ya fi haka nauyi, kuma wannan nauyi ba ya fitowa a cikin alƙaluman lokaci. Abin lura dai shi ne an sanar da sauyin fiye da shekara ɗaya da rabi kafin ranarsa, lokacin da ya ishi kamfanonin bas na yankin su sake tsara layukansu, ya kuma ishi masu adawa su yi adawarsu har su samu ɗan sassauci.

Muhimmancin wannan tazara yana fitowa fili idan aka dubi abin da ya faru a Ingila a ranar 20 ga Mayu, 2018. A ranar an sauya lokutan kusan kashi 46 cikin ɗari na jiragen fasinja na Birtaniya, don a ci moriyar sababbin layukan da aka gyara a tsakiyar Landan da arewacin ƙasar. Amma aikin sa wa layin Mancesta zuwa Preston, wanda ya bi ta Bolton, wayoyin lantarki bai kammala ba, kuma sai a watan Janairu aka tabbatar da haka, abin da ya tilasta a sake rubuta jadawalin arewa cikin mako 16 maimakon mako 40 da aka saba. Direban jirgin ƙasa ba ya hawa layin da ba a horar da shi a kansa ba, kuma ba ya tuƙa nau'in jirgin da bai koya ba, don haka da jadawali ya makara sai horon direbobi ya makara, aka wayi gari ga jirage ga fasinjoji babu mai tuƙi. Kamfanin Northern ya riƙa soke jirage har 310 a rana, kamfanin Govia Thameslink kuma har 470, layin da ke zuwa Windermere ma aka dakatar da jiragensa na makonni aka sa motoci. Binciken da hukumar da ke sa ido kan layukan dogo ta yi ƙarƙashin Stephen Glaister ya gano cewa ɓangarori da dama sun hango haɗarin, amma babu wanda ya ɗauki ragamar cewa a dakata. Ruwa ba ya tsami banza: kowane kamfani yana kallon nasa yanki, babu mai kallon tafiyar fasinja daga farkonta zuwa ƙarshenta.

Ko bayan jadawali ya zauna, tambayar haɗuwa tana dawowa kowace rana a ɗakin masu kula da zirga-zirga: idan jirgi ya makara, wanda zai karɓi fasinjojinsa ya jira ko ya tafi? In ya jira, mutum ɗari da ke cikinsa za su makara saboda mutum goma, kuma zai kai makarar mahaɗa ta gaba. In ya tafi, mutum goman za su zauna awa guda. Yawanci ana ƙayyade wa kowace haɗuwa mintunan da za a iya jira, inda zirga-zirga ta yi yawa ba a jira sosai, amma jirgin ƙarshe ko motar ƙarshe ta dare ana ba ta ƙarin haƙuri, domin wanda ya rasa ta ba shi da wata sai gobe. SBB yana ɗaukar jirgi a matsayin wanda ya zo a kan lokaci idan makararsa ba ta kai minti uku ba, alhali a Jamus sai ta kai minti shida ake ƙirga ta, kuma ban da wannan SBB yana auna wani abu daban, wato kashi nawa na haɗuwar jirage aka cim ma. A Jamus, a shekarar 2024, kashi 62.5 cikin ɗari ne kawai na jiragen dogon zango suka zo a kan lokaci ko da a wancan ma'auni mai sassauci. Wannan ya sa idan jirgin Jamus da ya kamata ya wuce zuwa Zurich ko Interlaken ya iso kan iyaka a makare sosai, sau da yawa a Basel ake tsayar da shi, SBB ya riga ya tayar da nasa jirgin a gurbinsa a kan minti, fasinjojin da suka taso daga Jamus kuma su sauko da kayansu su jira na gaba.